Yadda Ake Karanta Tsohon Zanen Itatuwan Magani Har a Gano Sunansu na Hausa

A shekarar 1887, a wani gari da ake kira Gera a ƙasar Jamus, maɗaba'ar Franz Eugen Köhler ta fitar da littafin itatuwan magani mai zane masu launi. A cikin shafukansa akwai tsamiya. Tsamiyar nan dai tamu ta kunu. Mai zanen ya kawo reshe guda da ƙananan ganyensa a jere biyu-biyu, ya kawo furen nan rawaya mai jan zane-zane, sannan ya tsaga ɗan tsamiyar don a ga yadda ƙwallayen suka kwanta a ciki. Ranar da na fara ganin shafin a waya na daɗe ban ɗauke ido ba. A gindin tsamiya na tashi, amma sai wannan takarda ce ta nuna mini yadda cikin furenta yake.

Abin da ya sa nake ganin ya kamata mu koyi karanta irin waɗannan zane shi ne halin da sanin itatuwa yake ciki a wurinmu. Yau a kasuwa abin da ake miƙo maka sassaƙe ne ko saiwa ko gari a ƙulle a leda, babu ganye balle fure. Suna kawai ake faɗa maka. Sunan kuma yana sauyawa daga gari zuwa gari, dattawan da suka san itacen a tsaye a daji suna ta ƙarewa. Tsohon zane mai kyau yana ɗaure suna da itace, ya zama shaida da za a iya ajiyewa. Iyakar aikinsa ke nan, kuma babban aiki ne. Ba ya gaya maka ka sha, ba ya gaya maka nawa za ka sha. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: san zamanin da zanen ya fito

Ba kowane tsohon zane ne ake gane itace da shi ba, don haka kafin komai ka san ajin wanda ke gabanka.

Mafi tsufa su ne zanen hannu na cikin littattafan da ake kwafa da alƙalami. Tushen yawancinsu littafin wani likita Bagirke ne mai suna Dioscorides, wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya ya tattara bayanin tsirrai kusan 600. Kwafinsa mai zane da ya fi shahara an yi shi a Kustantiniyya wajen shekarar 512, yanzu yana ɗakin karatu na ƙasa a birnin Biyana na Ostiriya. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, Hunainu ɗan Ishaƙa ya gyara fassarar, aka san shi da Kitabul Hasha'ish. A kansa malamai irin su Ibnul Baiɗar, mutumin Malaga ta Andalus da ya rasu a Dimashƙu a 1248, suka ɗora nasu binciken, shi ya tattara magunguna da abinci kusan 1,400. Zanen wancan zamani suna da kyan gani ƙwarai, amma mai kwafa yakan kwafa ne daga mai kwafa, ba tare da ya ga shukar ba. Bayan hannu goma sai ka ga itace ya zama ado, reshe uku a dama reshe uku a hagu. Ka kalle su don tarihi, kada ka nemi gane ganye da su.

Sauyin ya zo a 1530, lokacin da Hans Weiditz ya zana wa Otto Brunfels tsirrai yana kallonsu a gabansa, har da ganyen da ya yi yaushi da wanda ƙwaro ya ci. A 1542 Leonhart Fuchs ya fitar da nasa a Basel da zane wajen 500. Tsakanin 1737 da 1739 wata mata a Landan, Elizabeth Blackwell, ta zana tsirran magani 500 a lambun Chelsea, ta sassaƙa su a tagulla ta shafa musu launi da hannunta, don ta biya bashin da ya kai mijinta kurkuku. Duk waɗannan ana iya gane shuka da su, sai dai sunayensu na kafin a daidaita suna ne, domin sai a 1753 Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa tsarin suna mai kalma biyu da ake bi har yau.

Ga mai koyo, shawarata ita ce ya fara da na ƙarni na 19: littafin Bentley da Trimen na Landan mai juzu'i huɗu na 1880, da na Köhler da na ambata. A wannan lokaci an riga an saba tsaga fure da iri a zana su dalla-dalla a ƙasan shafi, kuma a nan amfanin yake. Akwai kuma waɗanda aka yi kan ƙasashenmu kai tsaye. Bafaranshen nan Palisot de Beauvois ya sauka Warri da Benin a 1786, ya fara buga zanen tsirran da ya tattaro a 1804, a ciki har da wani nau'in goro. Littafin tafiyar Mungo Park na 1799 ma yana ɗauke da zanen ganyen kaɗanya da ɗanta.

Ba sai ka je Turai ba. Shafin Biodiversity Heritage Library ya ɗora dubban waɗannan littattafai kyauta a intanet, Wikimedia Commons kuma yana da shafukan Köhler ɗaya bayan ɗaya. Rubuta sunan Latin na itacen a wurin nema. Ka sauke shafin da kake so shi kaɗai, a mafi girman hoton da aka bayar, domin littafi guda yana iya cinye maka data ta mako.

Mataki na biyu: karanta ƙananan rubutun gefe

Kafin ka shagala da launi, leƙa ƙasan takardar. A tsakiya akwai sunan shukar. A kusurwar hagu yawanci sunan wanda ya zana ne, da "del." ko "pinx." a bayansa. A kusurwar dama sunan wanda ya sassaƙa a tagulla ne da "sc." ko "sculp.", ko wanda ya ɗora a dutse da "lith." A sama za ka ga "Tab." ko "Pl." da lamba, sau da yawa lambar Rumawa ce. Rubuta wannan lamba, domin da ita za ka nemo shafin bayani a cikin littafin, inda aka fassara harufa da lambobin da ke jikin ƙananan zanen.

Akwai wuri guda da ke rikita mutane. Idan ka ga "Del." da babban harafi manne da sunan shuka, ba mai zane ake nufi ba. Sunan Delile ne aka taƙaita, masanin tsirrai da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798. Shi ya sa sunan aduwa yake zuwa da shi, Balanites aegyptiaca Del. Haka "L." Linnaeus ne. Wannan guntun suna yana nuna wanda ya raɗa wa shukar suna, kuma zai yi maka amfani a mataki na gaba.

Kalma ta biyu ta sunan tana ba da labari. Officinalis ko officinale na nufin shukar tana cikin kayan shagon mai haɗa magani, kamar citta, Zingiber officinale. Senegalensis na nuna inda Turawa suka fara samunta, wato Senegal, kamar maɗaci da sabara. Amma kada ka ɗauki wannan a matsayin asalin shuka. Tsamiya ana ce mata Tamarindus indica, kalmar farko daga Larabcin tamar hindi, wato dabinon Indiya, ta biyun kuma na nufin ta Indiya, alhali itaciyar Afirka ce.

Mataki na uku: bi tsohon suna har ka iso na yau, sannan na Hausa

Sunan da ke jikin zane mai shekara 150 sau da yawa an daina amfani da shi. Shiga shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila, rubuta tsohon sunan tare da guntun sunan wanda ya raɗa, zai nuna maka sunan da aka amince da shi yanzu. Kaɗanya za ka tarar da ita a tsofaffin littattafai da Butyrospermum parkii, yau Vitellaria paradoxa ce. Zogale Moringa pterygosperma ne da, yanzu Moringa oleifera. Lalle ya tashi daga Lawsonia alba zuwa Lawsonia inermis. Bagaruwa da aka sani da Acacia arabica ko Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara kuma Senegalia senegal. Filasko da tafasa duk suna ƙarƙashin Cassia a da, yanzu Senna ake ce musu.

Wasu sunayen ma tarihinmu ne a dunƙule. Ɗorawa ana kiranta Parkia, sunan Mungo Park ne masanin tsirrai Robert Brown ya laƙaba mata a 1826, a cikin bayanin tsirran da ayarin Denham da Clapperton suka kai Ingila, wato Clapperton ɗin nan da ya shiga Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Likitan ayarin, Oudney, wanda shi ne mai tattara tsirran, ya rasu a hanya kusa da Katagum.

Daga sunan Latin zuwa na Hausa, gadar da ta fi ƙarfi har yanzu ita ce aikin J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. A 1916 ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga baya. Don girmama shi aka sa wa hano suna Boswellia dalzielii. In kana karanta shi ka riƙa furta kalmar a bayyane, domin rubutun boko bai daidaita ba a lokacin, za ka ga "ch" a inda muke rubuta "c". Kuma ka tuna abin da ya ji a bakin mutanen wani yanki ya rubuta. Itacen da Bakano ke ce wa darbejiya, wani dogon yaro ya sani, Bakatsine kuma bedi. Suna ɗaya ma yakan hau kan itatuwa biyu. Saboda haka duk sunan da ka samu a littafi zato ne, sai zane da ido sun tabbatar.

Mataki na huɗu: karanta zanen kansa

A nan ya kamata ka zauna ka natsu. Kada ka kalli shafin gaba ɗaya ka ce "ai na gane shi". Kama da wane ba ta wane. Bi shi gaɓa-gaɓa, kana rubuta abin da ka gani.

Fara da ganye. Guda ɗaya ne mai faɗi, ko ƙanana ne a jere a kan tsinke? In a jere suke, ƙirga su, ka duba ko akwai guda a ƙarshen tsinken ko biyu suka ƙare. Bakin ganyen sumul yake ko yana da haƙora kamar zarto? Ƙarshensa tsini ne ko a dunƙule? A jikin reshe suna fuskantar juna ne ko suna saɓawa? Daga nan sai ƙaya, sai fure, sai ɗa, sai iri, sai saiwa in an zana. Ƙananan zanen ƙasan shafi an ƙara musu girma, wani lokaci sau biyar ko goma, don haka nemi alamar da ke nuna hakan kafin ka je kana neman fure mai girman tafin hannu a kan itacen da furensa bai kai ƙwayar gero biyu ba.

Ɗauki ɗakwara da bagaruwa. Dukansu ƙayoyi ne masu ƙananan ganye, dukansu suna fid da ƙaro, kuma a tsofaffin littattafai duk Acacia ne. Amma a zane ba sa ɓuya. Furen bagaruwa rawaya ne a dunƙule kamar ɗan ƙwallo, ƙayarta dogaye ne farare biyu-biyu, ɗanta kuma sau da yawa yana da wuya tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi. Furen ɗakwara fari ne mai ɗan tsawo kamar zangarniya, ƙayarta gajeru ne uku-uku masu lanƙwasa, ta tsakiya tana kallon ƙasa, na gefe suna kallon sama, ɗanta kuma faffaɗa ne siriri kamar takarda. Ƙaron da ake fitarwa waje mai daraja na ɗakwara ne. 'Ya'yan bagaruwa kuwa su majema ke jima fata da su.

Dangin tafasa sun fi haka bukatar kula, domin duk furensu rawaya ne. Tafasa ƙananan ganyenta shida ne, biyu-biyu sau uku, masu faɗi a ƙarshe, ɗanta siriri dogo kamar tsinke. Rai ɗore ganyensa masu tsini ne kuma sun fi yawa. Filasko gajere ne a ƙasa, ɗansa faffaɗa ne a lanƙwashe kamar ƙoda, da ɗan tudu-tudu a kan kowace ƙwaya. Sanamaki na shagunan magungunan Musulunci ganyensa sirara ne masu tsini, ɗansa faffaɗa babu wannan tudun. Tafasa ana kwaɗo da miya da ita, filasko da sanamaki masu wanke ciki ne, ɗanyen irin rai ɗore kuma yana da guba ga yara da dabbobi. Ɗan da aka zana a ƙasan shafi shi ne alƙalin da ke raba su.

Akwai abubuwan da bai kamata ka dogara da su a zane ba. Launi na farko, domin wanda aka shafa da hannu yana bambanta daga kwafi zuwa kwafi, kuma shekaru suna kashe shi. Na biyu, mai zane yakan haɗa fure da nunannen ɗa a reshe guda, alhali a daji watanni ne tsakaninsu. Na uku, itatuwanmu da yawa an zana su ne daga busasshen reshen da aka kai Turai, ko daga ɗan dashen da aka raina a ɗakin gilashi, don haka surar itacen a tsaye ba ta fitowa. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ɓawo. Mu sassaƙe muka fi amfani da shi, su kuma ba kasafai suke zana shi ba. Takarda ba ta ɗaukar ɗacin maɗaci, ba ta ɗaukar ƙamshin hano, ba ta nuna farin ruwan da ke tsatsowa in ka karya tumfafiya. Wannan giɓi sai mutane ne za su cike maka shi.

Mataki na biyar: kai zanen gaban masu sani

Buga shafin da launi a takarda, ka ninke ƙasan don sunan ya ɓuya. Kada ka fara da faɗin sunan da kake zato, domin kunya da kara za su sa dattijo ya ce maka "haka ne" ko da bai gamsu ba. Gaisa sosai, ka faɗi abin da ya kawo ka da abin da za ka yi da bayanin, sannan ka miƙa takardar ka yi shiru.

Na taɓa kai wa wata tsohuwa mai sayar da ganye a kasuwar garinmu wani zane da aka rubuta Melia a ƙasansa, ina ɗauka darbejiya ce. Na ce, "Inna, kin san wannan?" Ta karɓa ta matso da shi kusa da ido, ta ɗora ɗan yatsa a kan ganyen tana bi a hankali. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba darbejiya ba ce. Darbejiya tsinke ɗaya ne ganye na bin sa. Wannan ka ga tsinke ya haifi tsinke. Kuma yaushe ka ga darbejiya da fure ruwan hoda?" Ta janyo ɗanyen reshe daga ƙarƙashin buhu ta shimfiɗa kusa da takardar. Gaskiyarta. Linnaeus ya sa wa darbejiya Melia azadirachta, ya sa wa 'yar uwarta Melia azedarach, harufa kaɗan ne tsakani. Ta biyun ita ce kurnar nasara, kuma 'ya'yanta guba ne. Darbejiya yau Azadirachta indica ake ce mata, furenta fari ne.

Kada ka tsaya a kan mutum ɗaya. Nemi aƙalla uku masu sana'a daban: makiyayi ya san abin da shanu ke ci da abin da suke gudu, ungozoma ta san na jego da na goyon ciki, wanzami da maharbi sun san na rauni da na dafi. Roƙi a kai ka gindin itacen a tsaye, ka ajiye takardar kusa da reshe ka sake bin gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya. In mutum ya ce wani abu sirrin gidansu ne, ka bar shi, kada ka matsa. Kuma kada ka je hannu rabbana, lokacinsa ka ci.

Daga nan yanki reshe mai ganye da fure ko ɗa, tsawon kamu ɗaya da rabi. Shimfiɗa shi a cikin tsohuwar jarida, juya ganye ɗaya ko biyu don bayansu ya fito, sa tsakanin katako biyu ka danne da dutse. Sauya jaridar kullum har ya bushe, da rani kwana biyar zuwa bakwai sun isa, da damina ya fi haka. Rubuta rana, gari, sunan da aka faɗa maka, launin fure tun yana ɗanye, kamannin ɓawo da warinsa. In kana son tabbaci na ƙarshe, sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana da ma'ajiyar busassun tsirrai, haka cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja.

Mataki na shida: tace abin da aka ce yana yi

Yanzu ka san itacen. Buɗe littafinka ka raba shafi gida uku: abin da tsohon littafi ya ce, abin da mutanenmu suka ce, da abin da binciken yau ya tabbatar. A kowane gida rubuta wane sashe ne, ganye ko saiwa ko sassaƙe ko iri, da yadda ake yi da shi, jiƙo ne ko dafawa ko sirace ko hayaƙi ko shafawa. Bayanin da bai faɗi sashe ba rabin bayani ne.

Wani lokaci gidajen uku suna haɗuwa, kuma abin yana da daɗi. Sanamaki ya zo a hadisi, Muhammadu Bello ya yi rubutu a kansa, littattafan Turai sun sa shi cikin masu wanke ciki, yau ma ana sayar da ƙwayarsa a kemis. Duk da haka likitoci suna hana shan sa kullum, domin yana kasalar da hanji yana kuma zubar da gishirin jiki. Tsamiya ma kowa ya yarda tana saukar da ciki a hankali. Abin da ke sa bagaruwa ta ɗaure fata a majema shi ne ke sa ake kurkure baki da ita.

Wani lokaci kuma shafi mafi kyan launi shi ne mafi haɗari. Zurma tana cikin kusan duk littafin magani saboda manta, amma ƙwayar da ake matso man tana ɗauke da guba mai kisa in aka tauna. Dangin zaƙami Turawa sun sha hayaƙinsu don asma, mu kuma ba banza muka ce masa haukata yaro ba. Kwankwani da maharbanmu ke dafin kibiya da shi, daga danginsa aka fitar da maganin zuciya a Edinbara a ƙarshen ƙarni na 19, kuma tazarar da ke tsakanin magani da mutuwa a cikinsa ƙanƙanuwa ce. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne Aristolochia, dangin duman dutse. Ƙarnuka aka yi ana zana shi ana yabon sa ga masu haihuwa. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Beljiyam, aka musanya wata saiwar ƙasar Sin da ta Aristolochia saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu suka kamu da kansa. Kuskuren suna ne ya jawo shi.

Kada ka kwafi ma'aunin tsohon littafi. Ma'aunansu daban suke da namu, kuma an rubuta su ne don ƙwararren mai haɗa magani da ya san ƙarfin kayansa. Sunayen cututtukansu ma ba su dace da na yau ba, kamar yadda mu ma "shawara" da "sanyi" suke rufe cututtuka da yawa masu magani daban-daban. Mai ciki, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai ciwon ƙoda ko hanta, da duk wanda ke shan maganin hawan jini ko suga, ya fara ganin likita kafin ya sha kowane jiƙo.

In takardar gaske ce ta shigo hannunka

Wani zai gaji tsohon littafi, wani zai ga ana sayar da shafi guda a intanet. Ɗauki gilashin ƙara girma. In launin ya tarwatse zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo a jere daidai wa daida, bugun zamani ne. Bugun tagulla yana barin shatar faranti kewaye da zanen, za ka ji ta da ɗan yatsa. Bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796, ba shi da wannan shata, layinsa yana da ɗan burɗi kamar yashi. Bugun katako na ƙarni na 16 yawanci yana da rubutu a bayansa. Launin hannu kuwa yakan ɗan tsallake layi. Ɗaga takardar ga haske: mai layi-layi a ciki ta tsohon ƙira ce, kuma kana iya ganin tambarin masana'anta, irin wata ukun nan da ke cikin takardar Italiya ta tsofaffin Alƙur'anan Borno da Kano. Yawancin shafukan da ake sayarwa ɗaiɗai daga littafi aka yanko su. In cikakken littafi ne a hannunka, don Allah kada ka raba shi, domin zane ba tare da shafin bayaninsa ba ya yi asarar rabin amfaninsa.

Maƙiyan takarda a wurinmu sanannu ne: gara, kyankyaso, laimar damina, ƙurar hunturu da rana. Kada ka kai a liƙe ta da roba mai zafi, kada ka sa mata salatif ko gam, kada ka goge jajayen tabon tsufa da ruwa. Wanke hannu ka busar kafin ka taɓa. Ajiye ta a kwance, farar takarda mai kyau a sama da ƙasa, ban da jarida, a cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora kan tebur nesa da bango. Ɗauki hotonta a inuwa da rana tsaka ba tare da filasha ba, gaba da baya, kwafin ne za ka rataye a falo ko ka kai kasuwa. Duk bayanin da ka tattara, sunan Hausa da garin da aka faɗa maka shi da ranar, rubuta shi da fensir a wata takarda daban ka sa a cikin akwatin. Buɗe akwatin sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan kaka, ka duba kusurwoyi ko akwai garin ƙasa ko kashin ƙwaro, ka bar takardun su sha iska a ɗaki na awa ɗaya kafin ka mayar.